Muryar Malam Tana Cikin Koren Akwati

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Na dawo gida in yi wanka in ɗebar wa maigidana kaya. Ƙaninsa ya karɓe ni a asibiti. Takalmin Malam ƙafa ɗaya yana nan ƙarƙashin teburin kwamfuta, inda ya fita daga ƙafarsa ranar Talata. Ban ɗaga ba. Kofin ma na bar shi inda ya gangara.

Gidan shiru. Shekara da shekaru ina ɗinkina a ɗakin gaba, shi yana ɗakin baya yana karanta littattafan makaranta da ƙarfi cikin makirfo, yana ɗauka saboda ɗalibansa na makarantar makafi. Har kogunan duniya na haddace, ban taɓa zama ajinsa ba. Yau ƙarar firij kaɗai nake ji.

Jiya ya buɗe ido ya dube ni sosai. Na ce, "Malam, sannu." Bakinsa ya motsa. Bai ce komai ba.

Alhamis, bayan la'asar

Likita ya miƙo mini faifai. Ya ce hotunan kan Malam ne a ciki, a tura wa wani babban likita da ke wani gari ta imel, shi zai ce a yi ko kada a yi. Na ce su tura mana. Ya ce intanet ɗinsu ya lalace tun makon jiya. Na karɓa na sa a jaka, kamar na san abin da ake yi da shi.

Juma'a, da hantsi

Na kira Injiniya. Ita kaɗai Allah ya ba mu, ubanta ne ya laƙa mata sunan tun ranar da ta warware rediyonsa tana ƙarama ta kasa mayarwa. Tana can garin mijinta da tsohon ciki, an hana ta hawa mota. Kullum sai ta yi kuka a waya, ni kuma ba na so, don haka na ba ta aiki.

Na zauna kujerar Malam, na sa faifan. Hotuna ne sun fi ɗari uku, imel ya ƙi ɗauka.

Ta ce, "Umma, matse su za ki yi su zama fayil ɗaya."

Na ce ta yi mini da Hausa. Ta ce kamar in ninke kaya in danna su cikin akwati in hau kai in rufe. Wanda aka aika wa ya buɗe, kayansa su fito yadda suke.

Ina taɓa hotunan, manhaja uku suka taso mini a allo lokaci ɗaya. Shuɗiyar ta ce lokacin gwajinta ya ƙare, a saye ta. Mai ruwan ɗorawa ta ce a sabunta ta tukuna. Ta ukun, mai hoton koren akwati, ta jero mini tambayoyi da ƙananan rubutu. Na rufe wannan, waccan ta buɗe. Kwamfutar ta tsaya cak tana nishi.

"Tarkacen Abba ne," in ji Injiniya. "Aiki ɗaya duk suke yi, kuma kwamfutar ta iya da kanta. Cire su duka."

Ta bi da ni, na shiga inda ake cire manhajoji. Shuɗiyar ta tafi ba gardama. Ta biyun ta tambayi dalili, ban ba ta ba. Koren akwatin ya tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Ya sake tambaya. Na ce da Injiniya wannan da naci yake, kamar mai shi. Muka yi dariya, ta farko tun Talata. Na danna e.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Na zaɓi hotunan duka, na danna ɓangaren dama na linzamin kwamfutar, na zaɓi a matse. Sai ga jaka ɗaya ta fito da hoton zif a gefenta, irin wanda nake sa wa siket. Ta yi wa imel nauyi, muka raba hotunan gida biyu, na matse kowanne, suka tafi.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na iya wani abu a makon da ban iya komai ba.

Asabar, da yamma

'Yan dubiya sun cika baranda. Kowa ya tambaya, na ce da sauƙi.

Lahadi, da azahar

Ya sha shayi rabin kofi, da hannun hagu. Ya zubar a riga, ya ji haushi, ya ture ni da na zo gogewa. Na yi murna da turewar.

Talata, ƙarfe sha ɗaya

Babban likitan ya amsa. Ba za a yi aiki ba. Lokaci ne, da motsa jiki, da haƙuri. Na tambayi likitanmu maganar da ta fi damuna, ya duba takardarsa ya ce wasu tana dawo musu, wasu rabi, wasu kuma. Bai ƙarasa ba, ni ma ban ce ya ƙarasa ba.

Laraba, da rana

An turo mana malamar magana. Mace ce mai natsuwa, da jaka cike da katuna masu hotuna. Ta ɗaga hoton kofi, ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Malam ya dubi kofin, ya dube ta, ya juya kai wajen taga. Mutumin da ya karance littafin kimiyya na aji uku daga bango zuwa bango, yau shi ake nuna wa hoton kofi. Na fita na tsaya a bakin ƙofa.

Da za ta tafi ta ce, "Mama, ko kuna da muryarsa a ɗauke? Ko a waya ne. Wasu idan suka ji kansu, wani abu yana motsawa. Ba alkawari na yi miki ba."

Na ce, "'Yar nan, murya kam muna da ita buhu-buhu."

Alhamis, da safe

Na kunna kwamfutar, na buɗe jakar da ya rubuta wa Karatu. Ga su nan a jere, shekara-shekara, zango-zango, yadda yake jera takalmansa. Duk ƙarshen zango yakan matse abin da ya karanta ya goge na asalin, wai don kada wuri ya cika. Na sha ganinsu ta bayan kafaɗarsa in na kawo masa shayi, korayen akwatuna ne reras.

Yau farare ne. Kowanne ya koma kamar takardar da ba a rubuta komai a kai ba. Na danna ɗaya, kwamfutar ta tambaye ni da me nake so ta buɗe shi.

Na kira Injiniya na faɗa mata. 

"Umma, wanda kika cire na ƙarshe, wane launi ne?"

Na ce, "Wanda na cire?"

"Wanda muka cire."

Ta sa na sake sauko da shuɗiyar daga intanet, ta kasa buɗewa. Mai ruwan ɗorawa ma ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Injiniya ta ce fayilolin suna nan, babu abin da ya ɓace, kulle kawai suke. Na ce mata ai ubanta ma yana nan, babu abin da ya ɓace. Bai kamata in faɗa ba. Ta kashe waya.

Alhamis, bayan la'asar

Na duba wayata kaf. Babu saƙon murya ko ɗaya daga gare shi. Malam rubutu yake turowa, da waƙafi da aya, ko da gishiri zai ce in sayo. Bidiyon bikin Injiniya kuwa mai ɗauka ya ɗora kiɗa a kan jawabinsa, baki kawai ake gani yana motsi. Ban iya kallonsa har ƙarshe ba.

Juma'a, da hantsi

Ƙanin Malam ya zo. Direban babbar mota ne, kwamfuta ba fanninsa ba ce, amma ya san yayansa.

Ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Mutumin da ke ajiye kwalin fitilar da ta mutu ba zai rasa ajiye abin da ake sa manhajar da shi ba. Nemo."

Muka nemo. Akwai kuwa, jaka guda mai suna Manhajoji, ya tara duk abin da ya taɓa saukewa. Ya kuma matse ta tsaf don kada ta ci wuri. Da koren akwati ya matse ta. Farar takarda ce ita ma.

Ƙanin nasa ya dubi allon, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ya kulle ɗaki ya bar makullin a ciki! Wallahi shi ne, babu mai yin wannan sai shi." Yana cikin dariyar ta juye masa, ya fita tsakar gida ya daɗe yana wanke fuska.

Asabar, da rana

Mun kai kwamfutar wurin mai gyara a bayan tasha. Ya ce manhajar tsohuwa ce ƙwarai, waɗanda suka yi ta sun daɗe da rufe shafinsu. Abin da ya samu a intanet da sunanta ya gwada a tasa, ƙwayar cutar kwamfuta ce zalla. Akwai wurin da kwamfuta ke ajiye yadda take a da, don a mayar da ita baya in an yi kuskure. Ya duba. Malam ya kashe shi tuntuni, yana cin wuri.

Ya ce hanya ɗaya ta rage, a sami wata kwamfutar da manhajar ke kai har yanzu, a kai fayilolin can a buɗe. Ya kwafe mini su a wata 'yar ma'ajiya mai waya, girman tafin hannu, ya ce in dawo masa da ita in na gama.

Na tambayi shugaban makarantarsu ta waya ko suna da kwafi. Ya ce an goge kwamfutar ofis bara, katunan memori da aka zuba karatun aka raba wa ɗalibai kuma sun tafi da su garuruwansu. "Ai Malam ne ma'ajiyarmu," in ji shi. Ya ce ya jikin. Na ce da sauƙi.

Litinin, da yamma

An sallame mu. Mun sa masa gado a ɗakin baya, ya fi kusa da banɗaki. Na ɗauke takalmin kafin a shigo da shi.

Talata, da safe

Injiniya ba ta kira ba. Mijinta ya kira.

Laraba, bayan azahar

Tun da ya dawo nake barin kwamfutar a kashe, na yafa mata ƙyalle. Yau ya nuna ta da hannun hagu, ya ci gaba da nunawa. Na ce ya bari sai ya ƙara jin ƙarfi. Ya buga gefen gado. Na kunna.

Daga inda yake kwance yana hango allon. Ya sa ni da ido har na buɗe Karatu. Ya daɗe yana kallon fararen takardun nan. Na faɗa masa yadda aka yi, tun daga faifan asibiti, ban sa sunan Injiniya ba. Na ce koren akwatin ya tambaye ni sau biyu, na ce e.

Ya rufe ido. Da yana iya magana, ban san ko faɗa zai yi mini ba ko dariya, kuma ko wanne ne ina so.

Alhamis, da hantsi

Ƙaninsa ne ya tuna. Ya ce wace kwamfuta ce ta taɓa shigowa gidan nan ta fita ba koren akwati a kanta? Gaskiya ne. Malam wa'azin manhajar nan yake yi. Duk wanda ya zo da kwamfuta a duba masa wani abu, sai ya tafi da ita ko yana so ko ba ya so, da bayanin rabin awa a kan yadda ta fi sauran matsewa.

Na ce to tasa fa? Ya sosa ƙeya. Ya ce a ranar ya sa aka cire masa, kada in faɗa.

Na wuni ina kiran mutane. Maƙwabcinmu malamin lissafi ya sayar da tasa. Matar yayana ta ce ɗanta ya cire, wai tana damunsa. Abokin aikinsa ya ce, "Wannan koren abin? Kai, ai ban kwana da shi ba." Ashe duk garin nan godiya suke yi masa a baki, su je gida su goge. Na ji haushinsu, ni da na goge ta ina zaune a kujerarsa.

Kowa ya ce ya jikin. Da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi.

Juma'a, da yamma

Malamar magana ta zo. Kofi, makulli, agogo. Taga.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na je kyamis na bakin titi karɓo maganinsa. Mai kyamis dattijo ne, tabarau biyu yake ratayawa, ɗaya na karatu ɗaya na kallon mutane. Ya juya allon tsohuwar kwamfutarsa yana duba ko maganin ya zo, sai na hango shi a kusurwa, tsakanin tarkace fiye da hamsin. Kore shar.

Na ce, "Wancan fa?"

Ya sauya tabarau. "Wannan? Malam ne ya sa mini, shekarun baya. Ban taɓa taɓa shi ba."

"Ba ka cire ba?"

"Maman Injiniya, ni ban iya cire komai ba. Abin da ya shiga kwamfutar nan ya shiga ke nan."

Na nemi benci na zauna. Ya zagayo ya ce lafiya? Ya ce shi fa yana ganin magungunan da nake karɓa, ya san na mene ne, amma bai ga ina son magana ba. Sai na faɗa masa. Tun daga ƙarar faɗuwar kofi har zuwa katunan hotuna, na kira abin da sunansa. Shi ne mutum na farko da ya ji daga bakina. A nan ma ba zan rubuta ba.

Bai ce mini da sauƙi ba. Ya ce in je in ɗauko ma'ajiyar.

Asabar, bayan la'asar

Mun jona. Fararen takardun suka koma korayen akwatuna a allonsa, kamar ba su taɓa yin komai ba. Na zaɓi ƙarami na danna a buɗe. Layin da ke nuna aikin a allo ya fara tafiya a hankali, ya tsaya, wani ya zo sayen maganin tari, layin ya ci gaba.

Mai kyamis ya ce mu gwada ɗaya mu ji. Bai san lasifikarsa tana ƙure ba.

"Babi na huɗu. Yadda ruwan sama yake samuwa."

Muryar ta cika shagon har titi. Yadda yake jan numfashi kafin sabon layi, yadda yake danna ƙarshen kalma don yara su ji. Wata mata da ke jiran canji ta ce, "Laa, wannan ba Malam ba ne? Ya warke?"

Na fita na tsaya bayan shagon wajen kwalaye, na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talatar nan. Da na dawo, mai kyamis ya rage murya, bai kashe ba. Ya ce shi bai taɓa sanin haka ruwan sama yake ba.

Litinin, da rana

Kwamfutar kyamis ba ta da sauri, kuma da ita yake duba kaya. Ina zuwa da safe in danna akwati ɗaya, in koma in ba Malam abinci, in dawo in danna wani. Ɗinkin mutane yana jibge, wata ta zo karɓar rigarta na ba ta haƙuri, yadinta ko yankawa ban yi ba.

Abin da na fara buɗewa bayan na gwaji shi ne Manhajoji. Na fito da abin da ake sa koren akwatin da shi, na ajiye shi a fili, ba a cikin komai ba.

Talata, da yamma

Na tura wa Injiniya babi na huɗu, ban rubuta komai ba. Ta kira nan take. Ta ce, "Umma, ni ce na ce ki cire." Na ce ni ce da yatsa. Muka bar maganar a nan. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, na ce ta ɗora su a kan matashi ta daina yawo.

Ta ce kada in mayar da koren akwati a tamu sai in dole. Duk abin da na buɗe in sake matse shi da zif na kwamfutar kanta, wanda kowace kwamfuta ke buɗewa, in yi kwafi biyu. Haka nake yi. Zaɓa, danna dama, matse. Hannuna ya saba har ba na duba allo sosai. Zif ɗin bai kai koren akwati matsewa ba, ya fi cin wuri. Malam yana da gaskiya a nan, na faɗa masa. Ya ɗaga gira ɗaya.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya

Malamar magana ta zo, na kunna mata. Babi na ɗaya, duniya da taurari. Na gyara masa matashi, na zauna a bakin gado.

Ya saurara. Idonsa a kan silin. Bai kai shafi biyu ba ya juya fuska bango, ya ɗaga hannun hagu yana kaɗawa. Malamar ta ce a ɗan ƙara masa. Ya ɗauki kofin roba ya jefa wajen teburin. Na kashe.

Ta ce yakan faru. Wani jin kansa yana magana tiryan-tiryan ciwo yake ƙara masa. Ta ce mu bar shi, mu koma katuna.

Alhamis, bayan la'asar

Duk wannan zirga-zirgar. Raina a ɓace yake, ban san da wa ba.

Asabar, da hantsi

Na mayar wa mai gyara ma'ajiyarsa. Na kai wa shugaban makaranta kwafi a filashi, ya yi ta godiya. Na ce ya ajiye a wuri biyu. Ya ce ya jikin. Na ce ba ya magana. Na taho.

Lahadi, da rana

Kofi, makulli, agogo, ni nake ɗaga masa yanzu. Bai ce komai ba.

Talata, bayan azahar

Cikin abin da na buɗo a kyamis, saura jaka ɗaya ban matse ba, tana can ƙasan jerin, ya rubuta mata Yanke-yanke. Na buɗe in ga ko abin gogewa ne. Ƙananan fayiloli ne birjik, kowanne 'yan daƙiƙoƙi. Malam yana barci, na rage murya na danna na farko.

Karatu ne, rabin jimla. Sai daga nesa wata mata ta ƙwala kira, ƙarar keken ɗinki a bayanta. "Malam!" Ya ce, "Na'am." "Ina ka sa almakashina?" "Ni da almakashi? Duba ƙarƙashin yadin." Ya ƙare.

Ni ce matar.

Ashe duk inda na katse masa karatu yanke wurin yake yi, don kada ɗalibai su ji. Amma Malam ba ya zubar da komai. Na danna na biyu, na uku. "Na'am." "Ina zuwa, saura shafi ɗaya." "Ki ajiye mini, kada ki sa sukari da yawa." "Ke, kin ɓata mini babi guda." "Me kika ce? Ba na jin ki, kashe famfon." A wani, Injiniya ce tana ƙarama take buga ƙofa, yana cewa a zo a ɗauke masa wannan 'yar ta'adda. A wani babu magana, dariyarsa ce kawai, ban san me na faɗa ba.

Ba muryar karatu ba ce wannan. Ta gida ce, wadda ba ya danna ƙarshen kalma. Na zauna ina dannawa ɗaya bayan ɗaya, ban san ya farka ba.

Na danna wani. Matar nan ta sake ƙwala kira daga kicin. "Malam!"

Biyu suka amsa. Ɗaya daga lasifika, ɗaya daga bayana, a shaƙe, kamar an jawo ta daga rijiya.

"Na'am."

Na juya. Shi ma ya firgita, idonsa a waje yana kallona. Na matso bakin gado na riƙe hannunsa na ce, "Malam. Malam, sake faɗa." Ya yi ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi. Bai fito ba.

Laraba, da yamma

Na faɗa wa malamar magana. Ta ce yakan faru, kalmar da baki ya saba da ita tana iya fitowa da kanta in ba a tsare mutum da ido ba. Ta ce kada in ɗora rai da yawa, kada kuma in matsa masa. Na ce to. Rai kam na riga na ɗora.

Na matse Yanke-yanke, na yi kwafi uku. Makaranta ba ta da rabo a wannan.

Alhamis, da rana

Na kira shi daga bakin ƙofa. Ya dube ni. Daga tsakar gida ma na kira, amma ni kaina na ji muryata, ta mai jiran amsa ce. Shiru.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Ina wanke-wanke, famfo a buɗe, hankalina yana kan yadin matar nan da ban yanka ba. Ban shirya ba, bakina ne ya kira shi.

Ya amsa.

Na tsaya da kumfa a hannu, ba ni da abin da zan ce masa. Sai na ce shayinsa yana hucewa. Ko ruwan ban ɗora ba.